Zoben Jidda a Kasuwar Tattasai

A Diffa ba a sayen dutse, zinariya ake saye. Mace za ta shigo shagona ta ɗaga sarƙa ta tambayi giram nawa ce, amma ba za ta taɓa tambayar mene ne farin abin da ke ƙyalli a tsakiya ba. Ban ga laifinta ba. Tun da aka fara gudu a ƙasar nan mata suka gane cewa gona da shanu a baya ake barin su, 'yan kunne biyu kuwa suna kai iyali har Damagaram, su ciyar da su wata guda. Ranar sayarwa maƙeri zai ɗauki awartaki ya murƙushe duk dutsen da ke jiki, ya hure garin, ya ɗora zinariyar tsurarta a sikeli. Haka muka tarar ana yi, kuma kusan kullum daidai ne, don kwalba ce.

Sunana Hadjara. Iyayenmu 'yan Damagaram ne, kasuwanci ya kawo su bakin kogin Komadugu, a nan aka haife mu. Ƙanena Mu'awiya maƙerin fari ne, yana zama a bayan shagon da 'yar wutarsa da sikelinsa, ni ina gaba da baki. Lokacin da kasuwa take kasuwa nakan je Dubai sau biyu a shekara, kuma a can na koyi diyaman, abin da masu littafi ke kira lu'ulu'u. Wani Ba'indiye mai shago ne ya yi mini dariya a gaban mutane don na ɗauki kwalba ina tambayar kuɗinta da girmamawa. Ni kuwa ba a yi mini dariya sau biyu. Tafiya uku na yi ina zama a shagon mutumin nan kamar an dasa ni, har ya gaji ya koya mini. Na dawo gida da lup, ɗan madubin nan da ake karawa a ido ya ƙara girman abu sau goma, na jefa shi a durowa. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kawo mini abin da ya cancanci in fito da shi, ilimin ya yi ta yi mini ƙaiƙayi a baki, ba wanda zan faɗa wa.

Ranar wata Talata, kasuwa ta cika, wata mata ta shigo da wani dogon mutum a bayanta. Babarbariya ce, za ta kai shekara hamsin, mayafinta ya koɗe, ƙafafunta duk faso. Ta ce sunanta Yakaka, daga Barwa take, wannan kuma Maina ne, ƙanen mijinta mai rasuwa. Hausarta ta kasuwa ce, tana ce mini ka, tana ce wa Mu'awiya ki, ban gyara mata ba. Ta ciro wata laya daga wuyanta, ta nemi reza, ta zauna a ƙasa ta farke ɗinkin a hankali. Ba ayar komai a ciki sai zobe, naɗe da auduga da ta yi baƙi don zufa.

Maina ne ya faɗi abin da ya kawo su, muryarsa ƙasa-ƙasa. Kwana shida ke nan mutanen daji sun ɗauke Kashim, ɗanta ɗaya namiji, yana ba da ruwa a gonar tattasai a bakin kogi. Sun kira a waya sun ce miliyan uku, kafin a sauko daga masallaci ranar Jumma'a, in ba haka ba kada a neme shi. An sayar da awaki da injin ban-ruwa, dangi sun yi karo-karo, ba a kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Zoben ne ya rage. Yakaka ta yi shekara tara tana aikatau a Jidda, tana jinyar wata tsohuwa har ta mutu a hannunta, kuma tsohuwar ce ta zare shi daga yatsarta ta ba ta. Da shi a wuya ta gudu daga Barwa, da shi ta yi shekarun zaman bukka a Yebi tana bin layin rabon abinci, da shi ta koma gida lokacin da aka mai da su.

Mu'awiya ya karɓa ya juya shi sau ɗaya, ya ce zinariyar mai kyau ce amma ba ta wuce giram uku ba, ya miƙa hannu ya ɗauki awartaki. Har ya kafa bakin awartakin a kan dutsen sai hasken ƙofa ya faɗa a kai, na ga wani abu da ya sa na doke hannunsa, awartakin ya faɗi cikin toka. Ya dube ni kamar na haukace. Na ce ya ba ni nan.

Na wanke zoben da ruwan sabulu da tsohon buroshi, datti na shekaru ya fita. Na hura masa numfashi, tururin bai tsaya a kansa ba ko na ƙiftawar ido, alhali a kan kwalba yakan ɗan jima. Na buɗe durowa. Da na kara lup a ido, sai na manta da matar, na manta da ɗanta, wannan kuwa abin kunya ne amma gaskiya ce. Daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe yana jiran baƙo.

Sai bakina ya buɗe. Na zaunar da su na shiga karatu kamar malamar lakwal a gaban 'yan aji. Na ce abu huɗu ake dubawa a diyaman. Akwai nauyi, wanda ake aunawa da karat, wannan kuwa zai kai ɗaya da rabi ko ya ɗan ɗara. Akwai launi, na ninke farar takarda na kwantar da zoben a ciki a inuwar ƙofa, na nuna musu yadda dutsen bai ja zuwa ruwan ɗorawa ba, fari ne kamar ruwan randa. Yanka kuwa shi ne aikin hannun mutum, in an yanka daidai haske yana shiga ta sama ya dawo ta sama, in an yi ha'inci sai ya zube ta ƙasa, dutsen ya mutu. Na ƙarshe tsabtar ciki. Na ce Allah bai cika yin dutse ba tare da tabo ba, wannan ma yana da wani ɗan layi a gefe, siriri kamar gashin gira, kuma layin ne ma ya ƙara tabbatar mini ba na masana'anta ba ne. Na kara wa Yakaka lup a ido, ta ce ba ta ga komai ba sai haske.

Maina bai gamsu ba. Ya ce shi duk wannan bai san shi ba, me zai nuna wa mai ido irin nasa cewa ba kwalba ba ce? Raina ya ɗan sosu. Na ɗauki kofin shayin Mu'awiya na ja dutsen a jikinsa, ya yi ƙara, ya bar zane fari daga sama har ƙasa.

"Ka gani?" na ce. "Duk duniya babu abin da ya fi dutsen nan ƙarfi. Ƙarfe ba ya cin shi, wuƙa ba ta cin shi. Shi ke cin komai."

Yakaka ta maimaita maganar a hankali da Barbarci, kamar mai haddace addu'a. Akwai sauran rabin maganar, kuma na san shi sarai, Ba'indiyen nan ya sha faɗa mini. Abin da ba ya karcewa daban, abin da ba ya fashewa daban. Diyaman yana da hanya a cikinsa kamar itacen faskare, in aka same shi a kan hanyar, bugu ɗaya ya ishe shi, balle mai layi a gefe. Ban faɗa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, maganar ce ta yi mini daɗi a yadda ta tsaya, ban so in rage mata armashi.

Na gaya musu gaskiyar kasuwa. A Diffa ba mai sayen wannan da darajarsa, ni kaina ba ni da ƙarfinsa, don tun da hanyoyi suka lalace shagona azurfa ce da kayan ado na wanke, zinariya sai an yi oda. Amma akwai Alhaji Abdulwahab a Kano, wanda muka yi shekaru muna hawa jirgi ɗaya, ya san idona, in na ce masa abu kaza ne ba ya sake tambayar kowa. In ya yarda zai aiko da kuɗin kafin Jumma'a, ni in kai masa zoben daga baya. Na ɗauki hotuna ta cikin lup, na ce su bar zoben a wurina in kulle.

Nan Maina ya miƙe tsaye. Ya ce ba za su bar ran ɗansu a durowar mutumin da suka sani yau da safe ba. Maganarsa tana kan hanya, ko ni ce abin da zan faɗa ke nan. Amma a lokacin ji na yi an kira ni ɓarauniya a cikin shagon ubana, a gaban ƙanena. Na tura masa zoben a kan tebur na ce ya ɗauki abinsa, in na sami amsa zan neme su. Yakaka ta ce suna sauke a gidan wata 'yar'uwarta a Diffa Kura, ta yi mini godiya har ƙasa, suka fita.

Laraba duk a kan waya na yi ta. Rezo, wato layin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, hotuna suna tafiya rabi su tsaya, Abdulwahab kuma ɗan kasuwa ne, sai da ya ja ni a ƙasa a kan ɗan layin nan na gefe kamar shi ne dukan dutsen. Na yi masa faɗa, na yi masa magiya, na gaya masa ran yaro ne. Ranar Alhamis da hantsi ya kira ya ce ya saya miliyan biyu da rabi, in zoben ya shiga hannuna in gaya masa, kafin azahar kuɗin suna Diffa. In aka haɗa da abin da dangi suka tara, an wuce. Na yafa mayafi a karkace na tare adaidaita, ina ta shirya yadda zan kalli Maina in na faɗa.

A gidan aka ce ba sa nan, tun jiya da la'asar suka tafi kasuwar tattasai, Yakaka ta dawo ba ta yi magana da kowa ba, da safe kuma ta koma can.

Wanda bai saba da kasuwar tattasai ba, hawaye da atishawa ke fara tarbarsa. Na ratsa tsakanin buhuna ina toshe hanci da mayafi. Wani tsoho mai ɗinkin bakin buhu ne ya gane ni, ya ce ko ni ce Hajiyar diyaman, ya yi 'yar dariya, sannan ya ba ni labari tiryan-tiryan. Maina ya ga kwana yana ƙarewa, bai yarda da mutumin Kano da bai taɓa gani ba, sai ya kai zoben wurin Alhaji Bunu, babban dillalin tattasai, wanda kowa ya san kuɗi a hannu yake ciniki. Alhaji Bunu ya ce in da gaske ne zai saya don Allah ya biya nan take, amma shi tattasai ya sani, a kawo shaida. A cikin masu zama a rumfarsa akwai wanda ya yi haƙar zinariya a Jado, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a can kowa ya san yadda ake yi: a ɗora a kan ƙarfe a buga da guduma, na gaske ko gezau ba zai yi ba, na ƙarya ya zama gari. Kowa ya ce haka ne, shi ma ya taɓa ji. Maina ma ya ɗan ja baya, ya dubi Yakaka, don abin nata ne.

Tsohon ya ce matar ba ta yi ko ɗar ba. Cewa ta yi, "Hajja ya ce ƙarfe ba ya cin shi. Ku buga."

Suka ɗauko ƙarfen awo na kilo ashirin, suka kwantar da zoben a kai, mutumin Jado ya ɗaga guduma. Bugu ɗaya ya yi.

Na same ta a bayan rumfar, a durƙushe, tana tace jar ƙasa da yatsu. Idanunta sun kumbura, ban san ko yaji ne ko kuka ba. Ta tsinci ɓaraguzai uku ta ƙulle a bakin zane, tana neman saura. Maina yana tsaye a kanta, da ya gan ni ya zazzage mini duk abin da ke cikinsa. Ya ce na ɓata musu kwana biyu da surutun banza, na sa sun zama abin dariya a gaban manya, tsohuwar Balarabiya ta cuci Yakaka ni kuma na ƙarasa ta. Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mai da biyu ba, na bar shi ya gama. Waya tana ta kuka a jakata, na san Abdulwahab ne, ban ɗauka ba.

Abin da ya rage kaɗan ne, muka yi shi. Mu'awiya ya auna zinariyar zoben da ta lanƙwashe. Na cire awarwarona da 'yan kunnena na ɗora a kai. Alhaji Bunu ya ba da sadaka mai kauri, ba zan ci haƙƙinsa ba. Duk da haka da kyar aka haura rabi. Ina da wata sarƙa a gida, a ƙasan akwati, wadda na ajiye don ranar da gudu zai zo kaina, ban fito da ita ba. Nakan gaya wa kaina ko na fito da ita ba za ta cike ba, amma har yau ban ɗora ta a sikeli na gani ba.

Da asubar Jumma'a Maina ya bi motar Boso, hanyar Barwa, da abin da aka samu. An ce da mutanen daji suka kira ya faɗi adadin, ya roƙi a ƙara musu mako guda, mai maganar ya ce ba ciniki suke yi ba, ya kashe waya. Daga nan lambar ba ta sake shiga ba. Ranar Lahadi masunta suka ga Kashim a cikin ciyawar bakin kogi, hannuwansa ɗaure ta baya. Ban taɓa ganin yaron ba, ko hotonsa ban gani ba. An ce shekararsa ashirin da biyu, kuma tattasan da yake ba ruwa ya riga ya fara ja.

Ban je gaisuwa ba. Na ce hanya ba kyau, kuma gaskiya ba ta da kyau, amma ba ita ta hana ni ba. A kasuwa labari ya zaga, mata suna shigowa su sayi ɗan kunnen dala ɗari don kawai su ga Hajiyar da ba ta san kwalba ba. Mu'awiya ya so ya rama mini, na ce ya rufe bakinsa.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, wata ranar da ba kasuwa, ina zaune ina goge azurfa sai inuwa ta rufe ƙofa. Yakaka ce ita kaɗai. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, na ba ta ruwa ta riƙe ba ta sha ba. Ta kwance bakin zaninta ta zuba ɓaraguzan nan uku a kan tebur, babban cikinsu bai kai ƙwayar dawa ba.

Ta ce ba ta barci. Ta ce mutane sun kasu biyu a kanta. Maina da mazan Barwa sun ce kwalba ce tun asali, ta bar wahalar da kanta. Amma wani ma'aikacin agaji da ya zo gaisuwa, ɗan Yamai, mai karatu, ya ji labarin ya dafe kai ya ce ai diyaman na gaske ma yana fashewa da guduma. Tun ranar abinci bai wuce maƙogwaronta ba.

"Hajja, kai ne mai madubi," ta ce. "Ka sake dubawa don Allah. In na gaske ne, to kuɗin Kashim yana hannuna, ni na ce a buga. Ka gaya mini gaskiya, ko wacce ce."

Mu'awiya ya daina hura wuta. Na ɗauki babban ɓaragujin da ɗan hantsaki na kai shi ƙofa. Kwalba in ta fashe bakinta yakan yi lanƙwasa kamar cikin cokali. Wannan fuskarsa a miƙe take sumul, kamar an goge ta da gangan, ya tsage daidai kan ɗan layin da na nuna mata da hannuna. Ko a hakan, cikin ƙurar tattasai, yana mai da hasken da ya shige shi. Ban taɓa riƙe dutse mai kyansa ba, kafin ranar ko bayanta.

Na daɗe a tsaye fiye da yadda aikin ke bukata. Na tsani ƙarya, kuma a sana'ata idona ne kaɗai abin da nake taƙama da shi. Na dawo na ajiye shi kusa da 'yan'uwansa.

"Kwalba ce, Ya Yakaka," na ce. "Irin mai kyau ce da ake yi a masana'anta, ta ruɗe ni. Ko an kai Kano ba mai ba da dala a kanta. Kuskurena ne."

Ta dube ni, ta dubi Mu'awiya. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma tun ranar farko bai yarda da dutsen ba. Allah ya saka wa ƙanena, bai taɓa iya ƙarya ba sai ranar.

Sai kafaɗunta suka sauka. Ta ɗaga kofin ta shanye ruwan tas, ta nemi ƙari. Ta yi hamdala sau uku, sannan kukan ya zo, marar sauti, irin na wanda aka sauke wa kaya. Ta ce ashe ba ita ba ce, ashe kwanansa ne ya ƙare, ko ta buga ko ba ta buga ba ɗaya ne. Na ce ɗaya ne.

Da ta tashi tafiya ta share ɓaraguzan da gefen hannu suka zube ƙasa, kamar yadda ake share ɓawon gyaɗa. A bakin ƙofa ta juyo ta kama hannuna da nata biyu, tafinta kaushi kamar buhu. Ta ce kada in sa abin a raina, ido yana ruɗuwa, ta san alheri na nufa da ita da ɗanta.

"Na yafe maka, Hajja," ta ce. "Duniya da lahira."

Na ce na gode.